Bagobira Ta Gyara Wa Bazabarme

Har yau ban manta da ranar da Rabi ta kira ni tana kuka ba. Lokacin ina Tasawa, ina kula da ɗaliban jami'a masu karatu ta intanet. Aikina shi ne in bi su da tuni, in warware musu abin da ya shige musu duhu.

A zangon nan malaminsu ya kawo wani tsari: kowane ɗalibi zai karanta aikin ɗan'uwansa ya nuna masa kurakurai, a kan gyaran ne za a ba shi maki. Rabi 'yar garin Attantane ce, da tallafin gwamnati take karatu, in ta faɗi an yanke. Sai aka haɗa ta da Malam Hamani, daraktan wata lakwal, wato makaranta, sa'an mahaifinta, shi ma ɗalibi ne. Ta rubuta masa "Aiki ya yi kyau, Baba," ta samu sifili.

"Malam, ta ƙaƙa zan ce ma babba ya yi kure?" in ji ta. "Ko innata ta ji sai ta ci mini."

Raina ya ɓaci, domin yarinyar ta fi kowa kai. Na roƙi malamin, ya ce dama ɗaya ta rage, kuma ba zai canza mata abokin aiki ba. Na ce a raina, yarinyar nan ba za ta faɗi a hannuna ba.

Ina juya sunan Hamani a raina sai na tuna sunan Zabarmawa ne, dariya ta kama ni. Na kira ta.

"Ke ba Bagobira ba ce? To mutumen nan Bazabarme ne, taubashinki. Wace kunya ke tsakaninku?"

Sai ta ce, "Ashe bawana ne!"

Gyaran da ta aika ya fara da cewa, "Bawan Gobir, buɗe kunnenka." Daga nan ta bi aikin layi-layi, ba ta bar masa ko waƙafi ba. Malam Hamani ya kira ni yana ƙyaƙyata dariya.

"Wannan ƙaramar baiwar tawa ta tsiraita ni, kuma wallahi gaskiyarta!"

Rabi ta ci, tallafinta ya ci gaba. Ku da kuka shigo aikin nan na kula da ɗalibai yanzu, na'ura ba ta san wanda ke jin nauyin wani ba. Ku za ku sani.