Shekarar da Kaka Ta Je Fatakwal Sau Huɗu

Ina da shekara tara, ƙanena Dogara yana da biyar, a shekarar da Kaka ta je Fatakwal sau huɗu. Kafin nan tsohuwar ba ta taɓa wuce Kafanchan ba, can ɗin ma sai ranar kasuwa, kuma duk ta dawo sai ta yi ta mita wai mutanen gari ba su iya gaisuwa ba. Ita ce uwar Mama. A wurinta muke zaune, a ƙauyenmu da ke bayan Godogodo, tun da Baba ya rasu, Mama kuma ta hau jirgin ƙasa ta tafi neman aiki a bakin teku. Ta ce mana kafin a haƙe citta za ta dawo. Aka haƙe citta, aka yanka, aka shanya. Aka sake dasa wata, ita ma aka haƙe ta. Ba Mama, ba wasiƙarta.

In mun gama cin tuwo, kafin gari ya yi duhu sosai, mukan zauna a bakin murhu a ɗakin girki. Kaka ba ta iya zama da hannu biyu haka kawai, ko tana ɓarar gyaɗa ko tana tsinkar ganye. Sai ta yi gyaran murya ta ce, "Wata baƙuwa ta tsaya a ƙofa, wa zai ba ta kujera?" Mu kuma mu ce, "Mu ne!" Daga nan tatsuniya ta shigo ke nan. Da yarenmu take farawa, in labari ya yi zafi ta zame zuwa Hausa, irin Hausar tata da ba ta san mace da namiji ba. A bakin Kaka kowa "shi" ne, har amarya.

Da bazara ta yi tafiyar farko. Ta sayar da alade ɗaya, ta ɗaure garin ɗorawa a tsumma, ta cika kwando da mangwaron bayan gida, ta bar mu da matar kawunmu. Kwana takwas muna kallon hanya. Ranar da ta dawo na riga kowa gudu, ina leƙen bayanta tun daga nesa. Ita kaɗai ce. Ta sha ruwa, ta gaisa da maƙwabta, ta tambayi lafiyar awaki, ba ta ce komai game da Mama ba. A wurinmu kuwa yaro ba ya tsare babba da irin wannan tambaya.

A yammacin nan ta kawo mana sabuwar tatsuniya. Wata yarinya ce mai wushirya ta je wanki rafi, ruwa ya janye ta, ya yi ta tafiya da ita har garin da duk koguna ke ƙarewa, garin Sarkin Ruwa. Uwar yarinyar, wata tsohuwa, ta bi gaɓar rafi tana kuka har ta gamu da ƙaguwa. Ƙaguwa ta ce mata duk wanda ya shiga garin nan yakan manta hanyar gida, kuma ba zai tuna ba sai ya ci abin da ya fito daga gonar uwarsa. Sai tsohuwa ta ɗauki ɗorawa da mangwaro ta kama hanya.

Na ɗago kai na dubi Kaka. Ɗorawa da mangwaro. Mama ma tana da wushirya.

Kaka ta ci gaba, ba ta kalle ni ba. Ta ce zafin garin nan jiƙaƙƙe ne, zufa ba ta bushewa a jikin mutum, kuma tuni sun fara samun ruwan sama alhali mu nan muna ta duban gabas. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne gari guda a ce ba inda za a shanya citta ta bushe. Kafin tsohuwa ta isa, mangwaro ya ruɓe a hanya, ɗorawa ta sha danshi ta dunƙule. Masu gadin ƙofa suka shinshina suka zubar.

"Ya ci?" in ji Dogara, bakinsa a buɗe.

"Bai ci ba," in ji Kaka. "Sai wani zuwan."

Tsoro nake kada in nuna na gane, ta daina, in rasa ɗan labarin da nake samu. Daga ranar na zama mai gadin tatsuniyar nan. In Dogara ya roƙi a ci gaba da ita, Kaka takan ce baƙuwar ba ta zo ba tukuna, ta ba mu na kura da zomo. Ni na san baƙuwar ba za ta zo ba sai Kaka ta sake hawa jirgi.

Ta hau da tsakiyar damina, lokacin da ciyawa ke neman cinye gona, lokacin da ko biki ba ya ɗaga manomi. Mutane suka yi ta magana. Ta tafi da sabuwar masara da ɗanyar gyaɗa, ta dawo da tari. A bakin murhu ta ce ruwa ya yi kwana huɗu yana zuba a garin Sarkin Ruwa bai tsaya ya huta ba, tituna sun zama rafi, mutane suna tafiya a kan katako, takalmansu a hannu. Ta ce ta ga, wato tsohuwar ta ga, wuta tana ci a kan dogon ƙarfe a sama, ruwa yana dukanta dare da rana ba ta mutu ba. Wannan karon tsohuwa ta hangi 'yarta ta taga. Ta miƙa mata masara, yarinyar ta miƙo hannu, yatsunsu sun kusa haɗuwa, sai ga ƙarar takalmin Sarkin Ruwa. Bai ci ba.

Zuwa na uku shi ne wanda har yau ba na son tunawa. An yanke acca, ni da ƙafata na tattaka wadda za ta tafi da ita, na taya surfe har tafin hannuna ya yi kanta. Na zaci acca ba ta ruɓewa, ba ta da nauyi, ba yadda za a yi a hana mutum cinta. Kwana biyar kacal Kaka ta yi, wato kwana ɗaya ta yi a can. Da yamma ta zauna hannunta ba komai, abin da ban taɓa gani ba. Dogara ya yi ta jan zanenta sai ta ba da labari. Ta ba da shi a gajarce, ba ko sallamar baƙuwa. Ta ce a garin nan ba a san an yi girbi ba, ba rumbu, ba ƙanshin sabon hatsi, sai ƙarnin kifi da kukan manyan jiragen ruwa. An bar tsohuwa ta shiga gidan, amma a bayan ɗakin girki aka zaunar da ita, kusa da kwata. Baƙi suka zo suka tambaya wace ce wannan, aka ce musu mai tallan acca ce daga arewa.

"Uwar mutum," in ji Kaka, tana kallon wuta. "Aka ce mai talla."

Dogara ya yi tambayarsa, ta girgiza kai kawai.

Da sanyi ya shigo, Kirsimeti ta matso, Kawu ya zo ya ce tafiyar nan ta isa haka, tarin bai sake ta ba, kuma ba ita ta haifi jirgin ƙasa ba. Na ji su ta bayan danga. Kaka ta ce saura ɗaya, in wannan bai yi ba ta haƙura. Na san me "saura ɗaya" ke nufi a gare mu. Ina da kaza guda, ja, wadda na raina tun tana 'yar tsako, kowa ya san ba a taɓa ta. Na kamo ta da kaina na kai wa Kaka, na ce a soya ta ƙarau da citta yadda Mama ke so. Ta daɗe tana kallona. A nan ta san na gane, ni ma na san ta sani. Ta karɓi kazar.

Mun share ɗakin Mama, mun wanke tabarmarta. Matan zumunta suna ta koyon waƙoƙin Kirsimeti a coci, ni kuwa ina bakin hanya daga safe har rana ta faɗi. Ana saura kwana biyu Kirsimeti mota ta tsaya, Kaka ta sauko. Na tsaya ina jiran mutum na biyu har motar ta tashi.

Ta kawo mana riguna na kanti, ɗaya tawa ɗaya ta Dogara. Da yamma ta ce baƙuwa ta tsaya a ƙofa, muka ba ta kujera da murya ƙasa-ƙasa. Ta ce a garin Sarkin Ruwa ba sa jin sanyi ko a wannan lokaci, ba mai hura wuta ya ji ɗumi, an dai rataya fitilu masu launi a ko'ina. Tsohuwa ta lallaɓa ta bayan gida da naman kaza a ƙunshe, ta sami 'yarta ita kaɗai.

"Ya ci?"

"Ya ci."

Dogara ya daka tsalle har ya kusa faɗawa murhu. Ni kuwa bakina ya kuɓuce, na yi abin da ban yi ba duk shekarar. Na ce, "To ina Mama?"

Itacen da ke hannun Kaka ya tsaya a iska. Can ta tura shi cikin wuta ta ce, "Ya ci, ya tuna hanya. Ya yi kuka, ya kira sunan yaransa biyu. Amma Sarkin Ruwa ya sa kwaɗo a ƙofa, ya tafi da makulli. Ba laifinsa ba ne, Rifkatu. Kin ji? Ba laifin uwarki ba ne."

Ba ta ƙara ba da tatsuniyar nan ba, ba ta kuma ƙara hawa jirgi ba. Na girma da ƙiyayyar Sarkin Ruwa. Da na yi wayo na mai da shi mutum, wani mugun namiji da ya kulle mana uwa, na koya wa Dogara ƙinsa shi ma. Mun yi maraici, amma ban taɓa kwana da tunanin cewa ba a so mu ba.

Kaka ta rasu ina kwalejin horon malamai. A cikin Littafi Mai Tsarki nata, wanda ba ta iya karantawa ba amma kullum yana ƙarƙashin matashinta, na sami wata takarda da adireshin Mama a Fatakwal. Sai da na fara koyarwa na samu zuciyar zuwa. Na tarar da ƙofar gidan a buɗe. Mama tana zaune a shagonta na kayan masarufi, ta yi ƙiba, wushiryar tana nan. Mijinta wani dattijo ne mai sanyin magana, shi ya kawo mini kujera da hannunsa. Da ya shiga ciki, ta faɗa mini komai da sauri, idonta a ƙofa. Tun farko ta ce masa ba ta taɓa haihuwa ba, daga baya ta kasa warwarewa, ga yara uku sun shiga tsakani.

"Wa ya ce Kaka mai talla ce?" na tambaye ta.

Ta sunkuyar da kai. "Ni ce."

Ta ce kazar kam ta ci, a tsaye, a bayan kicin. Sannan ta roƙe ni in ce ni 'yar ƙanwarta ce in ya tambaya.

A motar dawowa ba Mama na yi ta fushi da ita ba, Kaka ce. Shekara goma sha biyar ta bar ni ina addu'a Allah ya karya kwaɗon da babu shi. Sai da muka wuce Makurɗi na fara tunanin kwana biyun da takan yi a jirgi duk dawowa, ita kaɗai da kwandon da ba komai, an wulaƙanta ta a gidan 'yar da ta haifa, tana tsara abin da za ta gaya wa yara biyu da ke jiranta a bakin murhu. Da ta so, da ta faɗi gaskiya sau ɗaya ta huta, mu taya ta fushi. Ta zaɓi ta riƙe fushin ita kaɗai har kabari. Har yanzu ban yanke ko ta yi daidai ba. Abin da na sani shi ne na girma ina ganin kaina 'yar da ake kuka dominta, kuma da wannan na tsaya da ƙafata har na kai ranar da zan iya jin sauran.

Dogara yana jirana a tashar Kafanchan da babur ɗinsa, ƙato da gemu, matarsa na da ciki na fari. Ko jakata bai karɓa ba ya ce, "Yaya, kin gan ta? Mutumin yana nan da rai?"

Na shirya maganata tun daga Lafiya, kalma bayan kalma. Na dubi fuskarsa, sai na ji bakina yana cewa, "Yana nan. Har yanzu bai sake ta ba. Amma kai ta fara tambaya."

Ya juya baya yana goge ido da hannun riga, ya ta da babur, na hau muka kama hanyar gida. Awa uku na yi a shagon nan, ko sau ɗaya ba ta ambaci sunansa ba.