Askin Mai Sanƙo

A unguwar Ibrahimiyya ta birnin Iskandariyya babu wanda ya taɓa kayar da Usta Hilmi mai aski a musu. Ba wai ya fi kowa hujja ba ne. Shi dai ba ya tayar da gardama sai ya lafta wa mutum kumfa, ya ɗora masa aska a maƙogwaro, sannan ya sunkuyo ya tambaya cikin ladabi, "Wai tsakanin Guguwa da Fitila, wa ya fi iya kiɗa?" To wa zai ce Fitila? Ko limamin unguwa, wanda bai taɓa jin ko ɗayansu ba, Guguwa ya ce.

Guguwa da Fitila ƙungiyoyin kiɗan rok ne guda biyu da suka riƙe garin lokacin da Hilmi ke saurayi. Duk bazara a dandalin bakin teku suke wasa. 'Yan Guguwa gashi har kafaɗa, jitarsu tana kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa, mai gangarsu kuwa yana dukanta sai ka ce ta zagi uwarsa. 'Yan Fitila fararen kwat, saje a gyare, mawaƙinsu yana lumshe ido 'yan mata suna suma. Masoyan Guguwa dama suke zama, wajen ruwa. Masoyan Fitila hagu, wajen titi. Layin kujerun tsakiya kuwa a bar shi fayau, domin nan ne kwalabe ke sauka.

Hilmi a dama ya zauna tun ranar farko, kuma bai sake tashi ba. Mahaifinsa, wanda shi ma mai aski ne, har ya bar duniya bai gane wannan jarrabawa ba.

"Ɗan mai aski," in ji shi, "ya rasa waɗanda zai so sai mutanen da suka yi rantsuwa almakashi ba zai taɓa kansu ba! In duk gari suka bi su, iskar teku za mu ci?"

Tsohon yana rasuwa, Hilmi ya gaji shago, ya sauke hoton kakansa daga saman madubi ya rataya na Guguwa. A nan ya yi aure, ya haifi Nadir, ya yi furfura, ya yi tumbi, yana yi wa mutane tambaya ɗaya yana samun amsa ɗaya.

Sai dai mutum guda. Girgis mai gyaran agogo, siriri kamar tsinken sakace, duk Alhamis yake zuwa. A shafa masa kumfa, a ɗora aska, a yi tambaya, ya ce, "Fitila."

"Girgis, ka san abin da ke wuyanka?"

"Yanka, Usta. In na mutu ka gaya wa 'ya'yana gaskiya ce ta kashe ni. Mai gangarku bai san lokaci ba. Da agogo ne, da na jefa shi teku."

"Mawaƙinku kuma da akuya ce, da an yanka ta don tausayi."

Haka za su yi ta yi har shayi ya huce, masu jiran layi su gaji su tafi. Shekaru suka ja, gashin Girgis ya riƙa yin sallama da shi, gaba ya tafi, tsakiya ta bi, har kan ya koma kamar bayan ƙwarya. Bai fasa zuwa ba. Ya zauna ya ce, "A rage gefe, kar a taɓa sama." Hilmi ya yi ta kaɗa almakashi a iska bisa sanƙon, ƙyas ƙyas, yana zagin Fitila. Ba su taɓa kiran juna aboki ba. Ranar da matar Girgis ta rasu, Hilmi ya je zaman makoki ya zauna kusa da shi, ya nemi kalmar ta'aziyya ya rasa. Can ya raɗa masa, "Har yanzu dai muryar mawaƙinku ta akuya ce." Girgis ya yi dariya da hawaye a fuska, ya riƙe hannunsa bai saki ba.

Rannan sai rediyo ya kawo masifa. Mutuwa ta yi wa ƙungiyoyin biyu ɗauki ɗai-ɗai. Guguwa saura mai ganga da mai jita, Fitila saura mawaƙi da mai babbar jita. Tsofaffin huɗu sun yanke shawarar haɗuwa su zama ƙungiya ɗaya. Mai gangar har da cewa ai su tun fil'azal 'yan'uwa ne, ƙanwar mawaƙin ma yake aure.

Hilmi ya tsaya da aska a hannu. "Mu muna can muna fasa wa juna kai da kwalba," ya ce, "ashe su suna gida suna cin soyayyen kifi a faranti ɗaya!"

Alhamis Girgis ya zo. Aka yi kumfa, aka yi tambaya. Girgis ya ce, "Ai yanzu duk ɗaya ne, Usta." Ya kalli kansa a madubi, ya shafa sanƙon kamar yau ya fara ganinsa. "Ni me ma nake zuwa yi nan?" Ya goge kumfar da kansa ya fita.

Alhamis ta zagayo, kujera ba kowa. Wata ta sake zagayowa. Hilmi ya gwada tambayar a wuyan wani matashi, matashin ya ce, "Guguwa? Ta ina za ta taso, Baba?" Hilmi ya daina cin wakensa na safe. Ya yi wa wani lauya aski ya kwashe masa rabin gira.

Matarsa, Ummu Nadir, ta gaji. "Abu Nadir, shagon Girgis fa ga shi can ƙarshen layi. Je ka ce masa ka yi kewarsa."

"Ni? In ce wa ɗan Fitila na yi kewarsa? Gara in aske gashin bakina in shiga kasuwa."

"To zauna ka yi ta aske girar mutane."

Ta je ta sayo tikiti biyu na wasan farko na tsofaffin, ta ajiye ɗaya kusa da shayin mijinta, ɗayan ta kai shagon agogo da kanta.

Bayan la'asar aka sa wasan, saboda likitan mai ganga ya hana shi wuce magariba a waje. Masoya suka zo da sanduna, da jikoki, da magungunan hawan jini. Babu wanda ya ce musu komai, amma ƙafa ba ta mantuwa: 'yan Guguwa suka yi dama, 'yan Fitila suka yi hagu. Ummu Nadir kuwa ba ta taɓa zuwa dandalin ba. Da mai sayar da tikiti ya ce mata layin tsakiya duk a buɗe yake, sai ta ga ai sa'a ce. Ga Hilmi ga Girgis, su kaɗai a layin kwalabe, kafaɗa da kafaɗa, kowa yana kallon gabansa kamar baƙi a jirgi.

Aka fara. Mai ganga, wanda kunnensa ya daɗe da yin ritaya, ya zabura da gudu. Mawaƙi ya biyo shi a baya yana haki. Mai jita ya rasa wanda zai bi, ya kama hanyarsa daban. Hilmi ya saci kallon Girgis. Ya ga ya duba agogon hannunsa. Hilmi, wanda bai cika damun Ubangiji da roƙo ba, ya ce a ransa, ya Allah, ƙara wa mai gangar nan sauri.

Aka kuwa amsa.

"Ka ji?" Girgis ya fashe, ya damƙi hannun rigarsa. "Ka ji ko? Mutum ya tsufa har ya yi jikoki bai iya ƙirga huɗu ba!"

Wani sanyi ya sauka a zuciyar Hilmi. Ya miƙe tsaye don kowa ya ji. "Naku ne ya tsaya neman haƙoransa a aljihu!"

Dama ta ɗauka, hagu ta mayar. Wani tsoho ya yunƙura zai ɗaga kujera, bayansa ya riƙe, jikarsa ta zaunar da shi. Robar ruwa guda ta taso daga hagu, ta gaza a hanya, ta faɗo tsakanin ƙafafun mutanen biyu. Ba wanda ya ji ƙarshen waƙar.

Alhamis da hantsi Girgis ya turo ƙofar shago, ya rataye hularsa, ya zauna.

"A rage gefe," ya ce, "kar a taɓa sama."

Hilmi ya kaɗa kumfa har ta yi tozo, ya lafta masa, ya wasa aska a fata ba gaggawa. Sannan ya sunkuyo.