Murfi Ashirin da Bakwai

Duk wanda ya yi karatu a jami'ar nan ya san Baba Mai Takalmi, ko da bai taɓa kai masa gyara ba. Rumfarsa na jikin katanga, hagu da ƙaramar ƙofa: fallen kwano biyu a sama, benci ɗaya, akwatin katakon da yake zama a kai, da igiyar da ya rataye takalman da masu su suka manta. A kan kanta, tsakanin kwalbar gam da ƙunshin zare, akwai wani gwangwanin madara da ya yi tsatsa. Murafun kwalba ne a ciki, guda ashirin da bakwai. Kullum da safe, kafin ya taɓa basilla, sai ya juye su a cinya ya ƙirga. Shekara goma sha tara ke nan yana wannan ƙirgar, yana neman inda ya yi kuskure. Bai yi kuskure ba. Ni na sani, domin ni ne na jefa murfi biyu a gwangwanin nan, kuma duk tsawon shekarun ban faɗa masa ba.

Baba ya riga katangar zuwa wurin. Bai taɓa zama a aji ba, amma in ka miƙa masa takalmi sai ya karanta maka halinka kamar wasiƙa. Ta takalmi ya gane ciwon sababbin ɗalibai: wata uku da zuwa, ƙasan takalminsu na nan fes, ba inda suka taka sai ɗaki da aji da wurin cin abinci. Su zauna a bencinsa suna jiran ɗinki, ido ya faɗa, in ya ce yaya gari sai su ce lafiya, alhali ko sunan titin da ke bayansu ba su sani ba. Yakan ce baƙo ko da ido makaho ne, kuma laifin ɗan gari ne in ya bar shi yana lalube.

Haka ya fara yawon Asabar. Ƙarfe bakwai ya rufe rumfa, ya sa su a gaba, ko in ce ya shige gaba suna bin sa. Ya nuna musu mai hayar keke da ba ya cutar baƙo, da filin ƙwallon da ake ɗaukar duk mai ƙafa biyu, da zauren unguwa mai teburin ƙwallo da ƙafa ɗaya a kan bulo. Ya kai su shagon wanzamin da ake buga ludo har a manta da aski, da gidan wata tsohuwa mai neman wanda zai riƙa karanta mata jarida, da wurin masu dashen itatuwa a bakin hanya. Ko'ina ya tsaya sai ya ce ga 'ya'yansa nan ya kawo, a riƙe masa su da kyau. Mutanen unguwa suna tsokanarsa wai dabara ce, yana cinye musu takalmi don ya sami aiki. Shi kuma ya ce to ai gara takalmi ya mutu da mai shi ya ruɓe a ɗaki. Matarsa ce kaɗai ba ta dariya, don Asabar ce ranar ciniki, kuma ta faɗi hakan duk mako har ta koma ga Allah.

Tunda ba ya rubutu, sai ya yi dabarar murfi. Mai sayar da lemo ta kusa da shi ke tara masa. Da safe ya ƙirga ya ba kowa ɗaya, da rana in an dawo rumfa a zagaya da gwangwani kowa ya jefa nasa. In sun cika ya sallami mutane, in babu ɗaya ya juya da baya nan take. Dokarsa ɗaya ce tak: ba mai rabuwa da ayari sai an zo gwangwani.

A shekarar da na shigo, ɗakinmu gado mai hawa biyu ne. Abokin ɗakina yana sama, don haka ake ce masa Na-Sama, ni kuma Na-Ƙasa. Siriri ne mai yawan dariya, ga barci kamar kasa. Sati biyu da fara karatu mun riga mun koyi abin da kowane ɗalibi ke fara koya kafin karatun kansa: in ka makara, abokinka ya sa maka hannu a takardar halarta. Ya sa mini ranar Talata, na sa masa ranar Alhamis. Ba mu ɗauke shi ƙarya ba, zumunci muke ce masa.

Ranar Asabar ɗin da abin ya faru mu ashirin da bakwai ne. A hanyar dawowa muka bi ta gefen tsohon ramin da ake fasa dutse a da, wanda ruwa ya taru a ƙasansa. Baba na can gaba yana ba da labari. Na-Sama ya ja ni gefe, ya ce zai leƙa wasu fararen tsuntsaye da ya hango a ƙasa, daga nan ya yanke ta bayan layin dogo zuwa gidan gwaggonsa, sai Lahadi da yamma zai dawo. Ya danna mini murfinsa a tafi.

"Sa mini hannu, Na-Ƙasa," ya ce, yana dariya.

A rumfa na jefa biyu a tare, na ɗan yi tari don kada a ji ƙarar. Baba ya juye, ya ƙirga, ya ce alhamdulillahi, kowa ya tafi ya huta.

Lahadi Na-Sama bai dawo ba, na ce gwaggo ta riƙe shi. Litinin ma na sa masa hannu a aji biyu. Ranar Talata masu yankan ciyawa suka gan shi a kan wani tudun dutse a cikin ramin, ƙugunsa a karye. Likita ya ce ba faɗuwar ce ta kashe shi nan take ba, ya kai aƙalla yammacin Lahadi da rai. Daga rumfar Baba zuwa bakin ramin tafiyar minti ashirin ce.

Aka kafa kwamiti. Suka tambaye mu ko wani ya jefa wa wani, duk muka ce a'a, kuma muryata ta fi ta kowa ƙarfi. Har na ƙara da cewa na ga murfin a hannunsa lokacin da ya ɓace mini. Tsoro ne, ba wani abu ba: tsoron kora, tsoron idon mahaifiyarsa, tsoron mahaifina da ya sayar da babur ɗinsa don in zo nan. Baba ya tsaya gabansu, hula a hannu, ya ce ashirin da bakwai ya bayar, ashirin da bakwai ya karɓa. Wani babban malami ya ce to ashe ashirin da takwas ya bayar bai sani ba, kuma wanda bai iya rubuta sunansa ba bai kamata a bar shi yana ƙirga 'ya'yan mutane ba. Baba ya sunkuyar da kai, ya yarda. Mutumin da bai taɓa ganin takardar halarta ba, ina zai kawo a ransa cewa yaro zai jefa wa yaro?

Shekara biyu aka hana yawon, har sai da ɗalibai da kansu suka roƙa aka dawo da shi. Amma Baban da ya dawo wani ne daban. Ya daina shiga gaba, sai dai ya sa wani tsohon ɗalibi ya ja, shi ya bi a ƙarshe. Ya sami sababbin murafu, kuma kowa a tafin hannunsa yake sa masa, yana kallon fuska. Tsofaffin ashirin da bakwai ɗin ya bar su a gwangwaninsu. Ya riƙa waiwaye, taku goma ya juya, taku goma ya juya. Wata rana ya ce mini, kamar mai zancen ruwan sama, yana jin takun mutum ɗaya a bayansa, takun mai sabon takalmin da bai gama sabawa da ƙafa ba. Na ce iska ce, Baba. A ranar ban iya cin abinci ba.

Ni ma ban iya barin wurin ba. Na gama, na karɓi aiki a laburare, na yi aure, na haifi uku. Ina kai masa takalman da ba abin da ya same su, ya jujjuya, ya ce ɗana wannan ai lafiyarsa lau, ya goge mini kyauta. Sau nawa na zauna a bencin nan da magana a bakina, sai ya ɗauko gwangwani, ƙarar murafun ta mayar mini da ita ciki. Na tsani kaina, kuma wani lokacin, Allah ya yafe mini, har shi nake jin haushi don ya ƙi mantawa.

Bana yanar ido ta rufe masa gani. 'Yarsa ta tare ni a ƙofa ta ce ƙarshen wata za ta ɗauke shi ya koma gidanta, rumfa kuma a rushe. Ta ce abin da ke damunta ba idon ba ne, ƙirgar ce: yanzu sau biyar, sau shida a yini, yana yi yana neman gafara, wai yana tsoron ya je gaban Allah da ran ɗan mutane a wuyansa.

Asabar ɗin ƙarshe na jira har ɗalibai suka watse. Rana ta take, yana zaune a kan akwatinsa, gwangwani a cinya. Na durƙusa a gabansa kamar yaro, da furfurata da komai, na faɗa masa duka: tsuntsayen, gidan gwaggo, tarin da na yi, rantsuwar da na yi wa kwamiti. Bai katse ni ba. 

"Da hannunsa ya ba ka?" ya ce.

"Da hannunsa, Baba."

"Yana dariya?"

Na ce yana dariya. Ya gyaɗa kai a hankali. Na so ya zage ni, ko ya ɗaga gudumarsa ya kwaɗa mini, da na ji sauƙi. Sai kawai ya juye murafun a cinyarsa, ya lalubo ɗaya, ya nemo hannuna ya sa mini a tafi, ya naɗe yatsuna a kai.

"Riƙe, ɗana. Ba na karɓa sai daga hannun mai shi."

Sannan ya ƙirga sauran da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, yana jefawa a gwangwani, kowanne da ƙararsa. Ya tsaya a ashirin da shida. Ya sake shafa cinyarsa ko akwai saura, babu. Na ga kafaɗunsa sun sauka, na ga hawaye na bin idon da ya daina gani. Ya dafa kanta ya miƙe, ya laluba sandarsa, ya juya fuskarsa wajen hanyar ramin.

"Saura ɗaya bai dawo ba," ya ce. "Tashi ka kai ni."