Tantin da ya kwana huɗu a bayan mota

Shekaru sun ja, na manta abubuwa da yawa, har lambar gidan da muka fara zama a Lyon. Amma tafiyar da muka yi ni da maigidana zuwa bakin teku, da tanti a bayan mota, tana nan daram a raina, kuma ba na jin za ta bar ni sai ranar da na bar duniya.

A lokacin shekararmu takwas da aure. Ni ina aikin jinya a wani asibiti, shi yana koyarwa a jami'a a Villeurbanne. Mutum ne mai kirki, kuma kirkin nasa ne ya kusa kashe mana aure. Duk ɗalibin da ya taso daga Maraɗi ko Damagaram bai da masauki, tun kafin ya hau jirgi an ba shi lambar maigidana. Falonmu bai taɓa yin sati guda ba katifa a ƙasa ba. In dawo daga aiki ƙafa a kumbure, in tarar da takalma jere a bakin ƙofa, in wuce kicin ko mayafi ban cire ba. Mutane suna ta yabona, wai Madam akwai haƙuri. Ni kuwa ina murmushi, ina tara abin a raina.

Wata abokiyar aikina Bafaranshiya ce ta nuna min hotunan hutunsu: ita da mijinta, ga tanti, ga ɗan risho, ba kowa. Ni ban ma kalli tekun ba, rashin kowan nan na kalla. A satin na sayi tanti mai cin mutum biyu, sai da mai kantin ya tabbatar min ko an matsa ba zai ɗauki na uku ba. Na ce wa maigida kwana bakwai nake so, daga ni sai shi. Ya ce to, ba damuwa. Abin da ban gaya masa ba shi ne na riga na yanke shawara a raina: in kwana bakwan nan suka gagara, zan tafi gidanmu Maraɗi in huta. Duk macen da ta san aure ta san irin wannan hutun ba a sa masa ranar dawowa.

Kuskurenmu ɗaya ne, hanyarmu ta bi ta Paris. A can kuwa akwai kawun maigida, wani Alhaji mutumin Tawa mai ɗakin ajiyar kaya a Aubervilliers, kuma a tarbiyyar maigidana ba a ratsa garin babba a wuce ba a yi masa sallama ba. Maigida ya ce minti goma ne. Bayan an gama tambayar lafiyar kowa har da ta waɗanda ban sani ba, Alhaji ya ce, "To, ina kunka nuhwa?"

"Bakans, Kawu, hutu za mu. Bakin teku."

"Wa ke gare ku can?"

"Ba kowa. A tanti za mu kwana."

Alhaji ya dube shi, ya dube ni, ya rage murya. "Gaya min gaskiya, mai gidan haya ne ya kore ku?"

Da aka fahimtar da shi cewa da gangan ne, sai ya bar maganar, ya ɗauki waya. Kafin la'asar labari ya kai Château Rouge, unguwar da mutanenmu ke taruwa a Paris, cewa ga mota za ta bakin teku kujerar baya ba kowa. A wurin mutanenmu irin wannan kujera ta jama'a ce. Aka kawo kilishi, aka kawo yaji da garin kuka, turamen atamfa, ɗan buhun gero, da wata tukunyar tuwo mai nauyin tsiya. Kowane ƙunshi da sunan gari da lambar waya a jikinsa. Ban taɓa sanin Hausawa sun cika gaɓar tekun Faransa haka ba sai ranar. Minti goman nan dai a gidan Alhaji muka kwana.

Shi kuma saƙo ba a miƙa shi a ƙofa a juya. Sai an shiga, an gaisa, an sha ruwa. Ruwa ya zama abinci, abinci ya zama hira, daga nan mai gida ya ce ai yamma ta yi, kuma wane irin abin kunya ne a ce ɗan'uwa ya zo garinsa ya kwana a daji cikin tsumma. Haka aka yi a Le Havre, haka aka yi a Caen, haka aka yi a Saint-Malo. Maza su kwashe maigida su tafi masallaci da zaga gari, ni kuma a ce, "Ke ai 'yar gida ce," a miƙo min wuƙa da albasa. Tekun Le Havre ta tagar kicin na gan shi, tsakanin wasu manyan injunan ɗaga kwantena. Na baro tukunyata a Lyon na zo ina wanke ta mutane.

Rana ta biyar muna kan wata ƙaramar hanya, gonaki kore shar, shanu ƙato-ƙato suna kallonmu, saura saƙo ɗaya: tukunyar nan, ta matar wani tsoho a Lorient. Maigida yana tuƙi cikin nishaɗi ya ce, "Kin ga Allah ya taimake mu, ko wahalar kafa tanti ba mu sha ba."

Na ce ya tsai da mota. Ya tsaya a bakin wata gona, yana tsammanin amai zan yi.

"Malam," na ce, "in muka kwana gidan mutane yau, kai ni Lyon in haɗa kayana. Maraɗi zan tahi."

"Wani abu ya hwaru a gida?"

"A gidanka dai. Shekara takwas ban taɓa cin abinci da kai mu biyu ba. Kwana bakwai na roƙa, ka raba wa mutane kwana huɗu."

Na zaci zai ce in yi haƙuri, da ya faɗa kuwa da shi ke nan. Abin da ya ce shi ne, "Don mi ba ki taɓa gaya min ba?" Haushi ya kama ni, don gaskiya ya faɗa. Ya tada mota, muka nufi Lorient.

Tsohon mutumin Damagaram ne, ya yi aikin tashar jirgin ruwa har ƙarfinsa ya ƙare. Ya gyara mana ɗaki, matarsa ta yi dambu, ƙamshi har matakala. Maigida ya durƙusa ya gaishe shi, ya ajiye tukunya, amma bai cire takalmi ba.

"Baba, ku gahwarce ni. Ba za mu kwana ba."

"Mi muka yi maku?"

"Ba komi, wallahi. Alkawali na yi wa iyalina, kwana huɗu ina saɓawa."

Wanda bai san mutanenmu ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. Namiji ya tsaya gaban sa'an ubansa ya ƙi shimfiɗarsa, kuma ya ce saboda matarsa ne. Ina ganin gumi yana bin ƙeyarsa. Tsohon ya dube ni sau ɗaya, ya ce, "To, madalla. Allah shi kiyaye hanya." Ya shige ciki bai raka mu ba. Matarsa ce ta biyo mu da dambu a roba, ta danƙa min, ta ce a hankali, "Tahi, ɗiyata. Tekun ga yana ƙarshen titinmu, ni sau biyu na taɓa zuwa."

Mun sami filin da ake kafa tanti a bayan wani ƙauyen masunta. Malamin jami'a guda, sai da ya yi awa biyu yana kokawa da sanduna, wani tsohon Bature a tantin kusa ya juyo da kujerarsa yana kallo ba ko kunya. Tanti ya tsaya a karkace, aka fara yayyafi, muka shige. Abin da ban yi tsammani ba sai ya faru: muka rasa abin cewa. Ashe duk hirarmu ta shekara takwas ta baƙi ce, wa ya zo, wa zai tafi, me za a dafa. Muka zauna gwiwa na gugar gwiwa kamar waɗanda aka haɗa a motar haya. Tsoro ya kama ni sosai, na ce kar dai na tada rigima a kan abin da babu shi.

Da ruwa ya tsagaita ya fita ya kunna risho, ya dafa shayi, karo na farko tun aurenmu. Ya zuba a kofi, ya ɗauko sukari, sai ya tsaya.

"Madam, guda nawa kike sawa?"

"Ba na sha da sukari, Malam."

"Tun yaushe?"

"Tun kahin ka aure ni."

Ya tsaya da kwalin sukari a hannu yana kallona. Ni da na yi niyyar dariya sai na ji hawaye. Ya miƙo min kofin da hannu biyu, ya zauna a jiƙaƙƙiyar ciyawa, ya ce, "To, mi kuma ban sani ba?" Na fara faɗa masa, kuma kwana ukun da suka rage ba su ishe mu ba.

Abin bai tafi a banza ba. Kafin mu isa Lyon labari ya riga mu zuwa Aubervilliers. Kawu ya kira maigida ya wanke shi tas, kuma kusan shekara guda in ya shiga taron 'yan gari sai ka ji ana cewa ga mijin Madam nan. Tsohon Lorient bai ƙara ɗaga wayarsa ba har ya rasu, wannan kuwa yana damun maigida har yau, ni ma yana damuna. Baƙi ba su daina zuwa gidanmu ba, sai dai yanzu ana tambayata kafin a shimfiɗa katifa, kuma in na ce a'a, a'a ɗin ce.

Abin da tafiyar nan ta koya min bai yi min daɗi ba, don ni ya fi kamawa. Shekara takwas ina tara wa mutum laifi a kan abin da ban taɓa buɗe baki na faɗa masa ba, ina jin daɗin a ce da ni mai haƙuri, har na kusa barin gidansa bai san dalili ba. Tun daga ranar, in abu ya dame ni, faɗa nake yi tun yana ƙarami, ko da za a daina yabona.