Ranar da Gwaggo ta Fifita Mini Wuta

Komai zan iya mantawa a rayuwata, amma ban da washegarin wata babbar sallah da na shiga gidanmu na unguwar Koki da rabin ganga a hannu. Har yau in na ji ƙamshin nama a kan gawayi sai na yi murmushi ni kaɗai.

A lokacin haƙoran Baba sun zube, saura 'yan kaɗan a gaba. Duk shekara shi yake zaɓo ragonsa, shi yake yankawa, amma in an gama suya sai dai a miƙa masa romo a kwano. Soyayyen nama ya fi ƙarfinsa. Bai taɓa ƙorafi ba, sai ma ya ce romon ya fi albarka, amma ni abin yana cin raina. Da na ga wani bidiyo a waya, inda ake gasa nama a rufe da 'yar wuta kaɗan har ya yi laushi, sai na kai wa wani mai walda hoton. Ya yanka tsohuwar ganga, ya yi mata murfi da raga da 'yar ƙofar iska a ƙasa. Ba ta da kyan gani, ƙafarta ɗaya ma sai an tokare ta da dutse. Sau biyu na gwada ta a gidan mijina da kaza, na ga lallai tana aiki.

A gidanmu rago kwana yake a rataye, sai washegari a sassare shi a hau suya. Da sassafe na roƙi cinya guda, na shafe ta da gishiri da citta da tafarnuwa, na kai gangata bayan ɗakin girki. Ban gaya wa kowa nufina ba, so nake in ba su mamaki. Mata suna ta tsiya. Gwaggo, yayar Baba, wadda ita ke jagorantar suya tun kafin a haife ni, ta leƙo ta ce, “'Yar nan, wannan kuma turaren wuta za ki yi wa naman?” Na ce, “Gwaggo, ke dai ki zuba ido.”

Sirrin gangar shi ne wutar ta yi kamar za ta mutu, murfi a rufe, hayaƙi yana fita siriri. Awa huɗu ina gadinta. Da aka kira azahar na shiga ɗaki na yi salla, na ɗan tsaya gaisawa da baƙi. Ƙauri ne ya fito da ni a guje.

Na tarar da Gwaggo a tsugune, murfi a ƙasa, ta ƙara gawayi, tana ta aiki da mafici. Kitse yana ɗiga, wuta tana tashi har ta wuce bakin gangar. Tana ganina ta ce, “Ai gara da na zagayo! Kin tafi hira kin bar wuta tana mutuwa. Haka aka koya miki?” Cinyar ta zama baƙa ƙirin, waje ya ƙone, ciki ya bushe ya ƙandare.

Ni mai saurin fushi ce, kowa ya sani, amma rannan kuka ne ya zo mini. Na ce, “Gwaggo, na Baba ne fa. So nake ya ci nama bana.” Na yi mata bayanin da ya kamata in yi tun safe. Ta dubi maficin da ke hannunta. A wurinta, macen kirki ba ta wuce wuta tana mutuwa ba ta taimake ta ba, kuma shekara sittin tana kan haka. Kusan duk naman ya riga ya shiga kasko, na ɗauka sai kuma baɗi, in da rai.

Gwaggo ta miƙe ta shiga ciki. Can sai ga ta da kafaɗar rago ɗanya, kasonta ne da aka ware mata za ta tafi da shi gida. Ta ce, “Sake haɗa abin naki. Ni zan zauna.” Ta jawo kujera 'yar tsugunno, ta sa maficin a ƙarƙashinta ta danne. Wallahi mutum uku na ƙirga da suka zo wucewa suka miƙa hannu za su ɗaga murfi. Duk wadda ta matso sai Gwaggo ta daka mata tsawa, “Kul! Wannan wutar ba a taimakonta.” Kamar ita ta ƙirƙiro gangar.

Ana idar da magariba muka buɗe. Na ja ƙashin, ya zare ba gardama. Gwaggo ce ta kai wa Baba a zaure, ina biye da ita. Ya dubi kwanon ya ce, “Yaya, kin san fa ba na iyawa.” Ta ce, “Ci dai, kar ka cika ni da magana.” Ya gutsura da yatsa biyu, ya sa a baki, ya daɗe bai haɗiye ba. Sannan ya sake kai hannu. Sai da ya kusa cinye rabi ya ɗago ya ce, “Ashe haka ragon bana yake. Shekara nawa ina yankawa, sai dai a ba ni labari.” Daɗin da na ji a ranar ban san da me zan kwatanta shi ba.

Abin da na koya shi ne, mai ƙaunarka da abin da ya sani zai taimake ka. In ka ɓoye masa nufinka ya ɓata maka aiki, laifinka ne. In kuwa ka buɗe baki ka gaya masa, zai iya ba ka har rabonsa.