Na'Allah, Tafintan da Bai Gyara wa Kowa Magana Ba

Kullum in an sallame la'asar, a shekarun aikinsa, Malam Na'Allah yakan kulle biro, wato ofishinsa, ya saɓa buzunsa, ya nufi rumfar Harisu tela a bakin kasuwar Dakoro. A aljihunsa akwai littafin Faransanci, cikin waɗanda wani mushe, wato Bature Bafaranshe, ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Ya karanta layi, ya juya shi da Hausa, masu awo da fatake suna saurare. Tun zamanin kumandan, Baturen mulki, yake tafinta, aka sami mulkin kai yana kujerarsa, bana ya ajiye aiki. Ni ba na yabon mutum don ya tsufa, kuma littattafan ƙage ba su cika burge ni ba. Abin da ya faru a gidan Cindo mai hatsi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Bara Malam ya buɗe wani littafi mai wuyar sha'ani. Mutum yana cin abinci, sai ga shi yaro, sai ga uwarsa da ta rasu tana magana, sai a komo kan akushi. Rumfa ta kaure.

"Malam, mai wanga littafi ya sha wani abu ne?" in ji Harisu. "In na ɗinka riga haka, hannu a wuya, wuya a ƙasa, wa za ya saka ta?"

"Ka miƙe muna shi mana," in ji Cindo. "Ka sa farko a farko."

"Cindo, ban gyara wa kumandan magana ba, ban gyara wa talaka ba. Yadda mai littafin ya faɗa haka zan faɗa. Ku daina neman hanya, ku dai lura da inda yake yawan komawa."

Cindo ya yi tsaki, amma bai daina zuwa ba, don gida ba ya zaunuwa. Ƙanensa Mainassara ya dawo daga yaƙin Indoshin da zance a warwatse. Dangi sun gaji, sun ce hauka ne, a sa masa mari. Maƙeri ya riga ya ƙera, ana jiran Cindo ya ba da izini kawai, kuma ya kusa.

Ana cikin haka wata rana Cindo ya katse karatu. "Kai! Ƙofar nan kuma? Wadda uwarsa ta kira shi bai shiga ba? Ashe duk yawon nan ita yake kewayawa!"

"Yau ka fara karatu," in ji Malam, ya ci gaba.

Washegari da hantsi Cindo ya shimfiɗa tabarma kusa da ƙanensa, ya kame bakinsa. Mainassara ya yi zancen ruwan sama, da geron Sabon Maci, da jirgi, da takalmi. Tsakanin kowanne sai ya ce Agali.

"Mainassara, wane ne Agali?"

Ya juyo ya dube shi. "Yaya, tun da na dawo ba wanda ya tambaye ni."

Agali abokinsa ne, Ba'abzine daga wajen Bader Gula. A hannun Mainassara ya cika, a bakin wani kogi, bayan ya roƙe shi ya gaya wa tsohuwarsa cewa an yi masa salla. Saƙon nan ne bai isar ba, shi zancensa yake ta kewayawa. Cindo ya nemi raƙuma, su biyu suka bi rijiya rijiya har suka sami tsohuwar, Mainassara ya faɗa mata da bakinsa. Ba zan ce ya warke ba, ba na ƙarya. Zancensa yana nan yadda yake. Amma ƙarfe bai taɓa ƙafarsa ba, kuma shi ke tsaron buhuna in yayansa ya tafi Maradi.

Malam Na'Allah, kunnen Dakoro, kai ne wanda aka matsa wa ya sauƙaƙa, ka ƙi. Da ka miƙe labarin nan don a yaba maka, da rumfa ta ji daɗi, da yanzu Mainassara yana ɗaure a bayan ɗaki. Da aka kawo maka labari, cewa ka yi, "Ni karatu kawai na yi," ka nemi shafin da ka tsaya. Mun gode. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya sa hutunka ya zama na lafiya.

Ku kuma samarin da kuka fito lakwal, makarantar boko, kuna jefar da littafi da zarar ya yi muku tauri, rashin haƙuri ne, kada ku kira shi wayo. Ku je rumfar Harisu tun Malam yana da ƙarfin murya. Wanda kuwa yake da ɗan'uwa a gida da aka daina sauraro, ya ɗauki tabarma yau, kafin a aika wa maƙeri.