Kwalbar da Ban Karanta Ba

Ni mace ce mai yarda da hannunta, kuma har gobe ban fasa ba. A lokacin da abin nan ya faru muna zaune a Hay el-Sabi' a Alƙahira, maigidana yana karatun fiƙihu, ni kuma ina haɗa zoɓo da kunun aya da lemun citta ga 'yan gida, wato Hausawan da ke can. Duk suna ko walimar da za a yi a unguwar, ni ake nema. Ban da wannan ina da Turanci, na yi boko kafin aure, shi ya sa mata suke kawo mini takardun magani da wasiƙun makarantar yara in karanta musu. Na saba da yabo har ya zame mini kamar gishirin miya, in ba a sa ba sai in ji abin bai yi ba.

Akwai wata dattijuwa da nake kira Inna, Bahaushiyar Sudan ce, tana zaune a unguwar Hadayek el-Maadi. Ba ta haife ni ba, amma ita ta yi mini wankan jego a ƙasar da ba ni da kowa. Girki take yi a gidan wasu Turawa, da suka tashi komawa ƙasarsu sai suka bar mata kwali guda na kayan kicin. Ran da na je gaishe ta, ta fito da wasu ƙananan kwalabe biyu iri ɗaya, ta miƙo mini ɗaya ta ce in karanta mata, don ita ba ta sa wa bakinta abin da ba ta sani ba. Na dubi manyan haruffan gaba, na ga an rubuta bitas, wato mai ɗaci da Turanci. Na buɗe na sansana, ƙamshin kanumfari da kirfa ya buge ni, na ɗiga a harshe na ji ɗaci kamar na maɗaci. Mu kuwa a gida duk abin da ya yi ɗaci a kwalba magani ne, na basir ko na shawara. Nan take na ce mata maganin ciki ne na Turawa, itatuwa ne zalla, tamam, ba matsala. Ta tambaye ni ko na karanta duka, na ce na karanta. Ƙananan rubutun da ke ƙasa ko kallonsu ban yi ba. Ta ba ni kwalba ɗaya, ta ajiye ɗaya.

Da na dawo gida na nemi sunan a waya, sai ga bidiyon wani mai haɗa abin sha na zamani. Ya ce yawanci ɗigo biyu ko uku ake sa wannan bitas ɗin, amma a wannan haɗin shi ne jigo, shi ake zubawa da yawa. Sai ruwan lemun tsami, sai ruwan sukari na loz, wannan ɗan itacen da Larabawa ke ci kamar gyaɗa, sai kuma giyar wuski 'yar kaɗan. Da na ji wuski na yi a'uziyya, na ce wannan kam ku da shi. Na cire shi, na sa baƙin shayi mai kauri a madadinsa, ina jin kaina kamar na musuluntar da abin. Na jiƙa loz na ɓare, na markaɗa na tace, na dafa da sukari. Ba ni da gwangwanin da suke girgizawa, sai na ɗauki kwalbar zuma mai murfi, na zuba komai da ƙanƙara, na girgiza har hannuna ya yi sanyi, na tace a ƙaramin kofi. Ya fito ja mai duhu kamar zoɓon da ya kwana, da kumfa a sama. Da farko tsami ke tarbar harshe, zaƙin loz ya biyo baya, ɗacin ya zo a ƙarshe ya zauna a maƙogwaro da ɗumi. Ban taɓa haɗa abin da ya kai shi daɗi ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce ban yi alfahari ba.

A wannan watan ne Inna ta sauke Alƙur'ani. Ta haura sittin, ta shekara da shekaru tana bin wata malama bayan ta tashi daga aiki, aya biyu yau, uku gobe. Muka shirya mata 'yar walima ta mata zalla a ɗakinta bayan la'asar, mu goma sha wani abu. Na ce abin sha nawa ne, kada kowa ya sa hannu. Na kai zoɓo kamar kullum, amma sabon haɗin na ɓoye sai da aka gama addu'a, sannan na juye kwalbar nan kaf, na girgiza, na raba a ƙananan kofunan shayi. Inna na fara ba wa. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta yi dariya ta ce wannan ya san hanyar ciki, ta nemi ƙari. Malamarta ma ta sha. Wata ta ce kunnuwanta sun yi zafi, na ce aikin kanumfari ne. Ni da na yi ta ɗanɗanawa tun a kicin na ji kaina ya yi sakayau, bakina ya ƙi rufuwa, na ɗauka murna ce. Mata uku suka ce lallai in rubuta musu yadda ake yi.

Washegari da hantsi ina wanke kwalbar don in zuba man zaitun, takardar jikinta ta jiƙe, ina ɓare ta idona ya faɗa kan ƙananan rubutun. Kalmar barasa ce da Turanci, da lamba a gefenta da ke nuna kusan rabin abin da ke ciki ita ce. Na karanta sau uku. Wato na cire ƙaramar giyar da a'uziyya, na bar babbar, na kuma shayar da ita a walimar saukar Alƙur'ani. Na zauna a ƙasan kicin. Kunya na ji, irin wadda ban taɓa ji ba, da tsoron Allah, da haushin kaina.

Maigidana da ya dawo na nuna masa. Ya yi mini bayani irin na ɗaliban ilimi, cewa wanda ya sha bisa rashin sani ba shi da laifi, in yi istigfari, khalas, shi ke nan. Har ya ce ba dole ba ne in tayar wa mata hankali a kan abin da ya wuce. Raina ya so wannan fatawar ƙwarai, don na san abin da zai biyo baya idan magana ta fita: mai zoɓon Hay el-Sabi' ta ba malama giya. Amma na tuna kwalba ta biyu tana wurin Inna, kuma a wurin walimar ta ce za ta riƙa shan cokali guda kowace safiya saboda cikinta, tunda ni 'yarta na ce magani ne. Na gaya masa rashin sanin nasu ne, nawa kuwa ƙin karantawa ne, kuma ba a ba ni fatawa a kan wannan ba. Na ɗauki hijabina na fita.

A mota da jirgin ƙasa na shirya jawabi kala-kala, duk masu wanke ni: rubutun ƙanana ne, Turawan ne ba su faɗa ba. Da na isa na tarar da ita tana tsince shinkafa, kwalbar tana kan firji kusa da maganin hawan jininta, an riga an taɓa ta. Jawabin ya gudu. Na durƙusa na faɗa mata yadda abin yake ba ƙari ba ragi. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta zage ni ba. Ta tashi ta juye kwalbar a makwarara, ta kuskure bakinta, ta dawo ta zauna. Ta ce zancen zunubi ta bar wa Allah, Ya san ba ta sani ba. Tambaya ɗaya take da ita: ran da ta miƙo mini kwalbar ta ce ko na karanta duka, na karanta? Na ce ban karanta ba. Ta ce to wannan ne ya yi mata ciwo, don ita idona take ara ta gani da shi, kuma da na ce mata ban sani ba, da ba ta rage ni da komai ba.

Sauran matan ni na kira su ɗaya bayan ɗaya, har malamar, ban bari sun ji a bakin wani ba. Wasu suka ce ma'alish, wato ba komai, wasu suka ja baya, an yi suna biyu a unguwa ba a neme ni ba. Na jure, don ni na jawo. Sana'ata ta dawo daga baya, har na gano yadda zan samu wannan ɗacin ba tare da kwalbar kowa ba, da ɓawon lemu da kanumfari da kirfa da na dafa da hannuna. Inna kuwa ta yafe mini tun a ranar, ta ci gaba da kirana 'yarta, amma wata shida tana kai takardunta wurin wata maƙwabciya. Ban yi ƙorafi ba ko sau ɗaya.

Abin da nake so 'yan uwana mata su ɗauka, musamman mu da ke zaune a ƙasar wasu muna ɗauko girki a waya, shi ne kada sunan abu ko ɗanɗanonsa ya ishe ku. Ba duk ɗaci ne magani ba, a juya kwalba a karanta har ƙasa. Wadda kuma aka ba amanar karanta wa wani, ta sani cewa faɗin ban sani ba bai taɓa zubar da mutuncin kowa ba. Ranar da Inna ta sake miƙo mini kwalin magani, na zauna na karanta mata shi da ƙarfi tun daga sama har adireshin kamfanin. Ta ce ya isa haka, na ce bai isa ba, saura bayan kwalin.